Muryar da Ba Ta Neman Lasifika

Ɗan Ƙofar Soro:
Pretty Yende nake wa waƙa,
'Yar Afirka ta Kudu mai murya,
Tana sha shida ta ji opera
A tallan jirgi, ta kama hanya,
A Cape Town ta aza harsashi,
Milan ta je ta goge murya.

Hajiya ta Kusugu:
Yaya, ka yabi zabiya ka tsallake
Abin da ya sa ake jinjinawa:
Babu lasifika a zauren opera na New York,
Kujera dubu uku da ɗari takwas kuwa,
Makaɗa na zaune ƙasan dandamali,
Ta kansu muryarta ke wucewa.

Ɗan Ƙofar Soro:
Ba zabiya ba ce, Hajiya. Soprano ce, mai muryar sama a opera, wato wasan kwaikwayo da ake yi cikin waƙa.

Malam na Gobarau:
Ku tsaya. "Murya" sau biyu a amsa-amon baiti ɗaya aibi ne. Ɗangon Hajiya na huɗu kuma ya zarce awo, "kuwa" ɗin nan cike gurbi ce.

Hajiya ta Kusugu:
Allah gafarta Malam, ba zan rage kujeru don kari ba.
Mai ƙirga gaɓa, zo ƙirga numfashi:
A ja shi ƙasa, haƙarƙari na buɗewa,
Kafaɗa ta tsaya, kada ta ɗaga,
Ciki ke riƙo, a hankali yake sakewa,
Wanda ya matse maƙogwaro don ƙara
Kafin rabin wasa zai ji dishewa.

Autar Daura:
Inna ta gama magana! Katsinawa, a kawo wani.

Ɗan Ƙofar Soro:
Auta, guga ba ya raina rijiya,
Hajiya ta san ciki, ba ta san tafiya ba:
2009 ta ci gasa a Biyana,
2011 Mosko ba ta gagare ta ba,
2013 ta canji mara lafiya a New York,
Ta yi tuntuɓe a shiga, ba ta fasa ba.

Malam na Gobarau:
Wannan lissafi ne, ɗana, ba waƙa ba. Ga yadda ake yi:
Ƙaramar murya in ta ɗau babban kaya
Tun ba ta nuna ba, sai ta yi rawa,
Igiyoyin murya biyu in an gurje su,
Kanta suke yi, sautin sama na ɓacewa,
Ɗumama minti ashirin, a sha ruwa,
Ƙurar hunturu da yajin dare a guje wa.

Autar Daura:
Malam, "a guje wa" ba ta zauna ba, an ja ta ne da ƙarfi.

Hajiya ta Kusugu:
Bar shi, Auta, maganar kanta gaskiya ce. Amma duk kun mance 6 ga Mayu, 2023:
Ranar naɗin Sarki Charles a Landan
Ita kaɗai ta tashi tana rerawa.
Yaya, cika min baitin in ka isa.