Me ya sa jabun wiwi K2 ke sa zubar jini?

Ɗan_Tambaya: Malamai, wai ta yaya shan K2 ko Spice, wato jabun tabar wiwi da ake yi da sinadarai, ke sa mutum fitsarin jini?

Malam_Magani: Gubar ɓera ce da aka gauraya a ciki, brodifacoum. An ga haka a jihar Ilinoy ta Amurka a 2018, har aka rasa rayuka. Gubar tana hana hanta sake sarrafa bitamin K, sai sinadaran daskarar da jini guda 4 su ƙare. Shi ya sa alamun ba sa fitowa nan take, sai bayan kwana 1 zuwa 3: haɓo, jinin dasashi, ciwon kwiɓi, tabon taruwar jini a fata.

Nas_Hajiya: Ɗan'uwa, a garzaya asibiti a gwada INR, wato awon saurin daskarewar jini, a faɗa wa likita gaskiyar abin da aka sha. Kada a taɓa asfirin ko ibuprofen. In jinin ya tsananta, ana ƙara ruwan jini tare da bitamin K1 ta jijiya.

Malam_Magani: Inda aka fi yin kuskure shi ne daina magani da wuri. Gubar na maƙalewa a hanta, dole a sha K1 mai yawa kullum har watanni, in ba haka ba jinin ya dawo.