Lambobin majiyyata suna canzawa idan na loda su

Aminu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina kwashe bayanai daga tsohon rumbunmu zuwa HAPI FHIR, manhajar uwar garke ta ajiye bayanan lafiya. Duk majiyyacin da na tura sai uwar garke ta ba shi sabuwar lamba, sakamakon gwajinsa kuwa yana nan rataye da tsohuwar. Ina mafita?

Hauwa: Wa alaikumus salam. Da POST, umarnin ƙirƙirar sabon bayani, kake turawa ko? Koma PUT, umarnin ajiye bayani a lambar da ka zaɓa, ka sa lambar da kanka.

Aminu: Na gwada, ta ƙi karɓar 40213.

Hauwa: Alƙaluma zalla ta keɓe wa kanta. Ɗora harafi a gaba, p40213.

Malam Bashir: Aminu, dakata tukuna. Wannan hanyar ce ta ƙone ni. Asibitoci biyu muka haɗe a rumbu ɗaya, ashe kowannensu yana da majiyyaci mai lamba 731. PUT ba ya tambaya, abin da ya tarar yake dannewa. Ba mu farga ba sai da wata ma'aikaciyar jinya ta buɗe fayil ɗin wani dattijo ta ga sakamakon awon ciki. Wallahi jikina ya yi sanyi, don da magani ne ya sauya gida haka, da rai ake magana. Sati uku muna bin katunan takarda ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar, lambar katin asibiti a identifier (gurbin lambar shaida) nake ajiye ta, kowane asibiti da nasa system (alamar da ke nuna wanda ya ba da lambar), in bar uwar garke da tata lambar. Majiyyaci da gwaje-gwajensa su tafi a Bundle guda na transaction (ƙunshin da ake aiwatarwa gaba ɗaya), a ɗaure su da urn:uuid (lambar wucin gadi), uwar garke za ta gyara mahaɗan da kanta.

Hauwa: Malam, shi ai rumbu ɗaya gare shi.

Malam Bashir: Yau ɗaya ne, Hajiya. Baɗi fa?

Sadiya: Idan lodin ya katse ya maimaita, ba zai samu majiyyaci biyu-biyu ba?

Malam Bashir: Zai samu, in bai sa ifNoneExist (sharaɗin kada a ƙirƙira in akwai shi) a kan identifier ɗin ba.

Nura: Don Allah kada kowa ya buɗe fayil ɗin bayanan da za a loda da Excel. 00731 zai koma 731, kuma lambar da ta wuce alƙaluma 15 sai ya mayar da ƙarshenta sifili.

Sadiya: Ba laifin Excel ba ne, ku ne ba kwa shigar da layin a matsayin rubutu.

Nura: Wa yake tunawa da haka ƙarfe biyun dare, Sadiya?

Aminu: Innalillahi, ni fa jiya da Excel na tace nawa. Bari in koma in duba sifilan.