Yadda littafin Byang Kato ya fara shiga hannunmu

Malamin Makarantar Lahadi, Kaduna:
Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Ranar 19 ga Disamba ce ranar da Dakta Byang Henry Kato, malamin tauhidi ɗan Kwoi ta ƙasar Jaba, ya rasu a 1975, sa'ad da ruwa ya ci shi a gaɓar teku kusa da Mombasa ta ƙasar Kenya, yana ɗan shekara 39 kacal. Ina shirya wa matasan ikilisiyarmu darasi a kansa, kuma tarihinsa yana hannuna, tun daga haihuwarsa a 1936 har zuwa zamansa Babban Sakataren ikilisiyar ECWA a 1967. Abin da nake roƙo shi ne duk wanda ya taɓa karanta littafinsa, Theological Pitfalls in Africa, ya ba mu labarin yadda littafin ya zo hannunsa da kuma abin da ya biyo baya.

Rabaran mai ritaya, Kafanchan:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da wannan bawan Allah. A shekarar da ya rasu ina aikin bishara a wani ƙauye da mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa, labarin kuma ya iske mu muna cikin koyon waƙoƙin Kirsimeti, har dattawa suka ce a dakata da ganga a daren nan. Littafin bai zo hannuna ba sai bayan wajen shekara biyu, da wani abokin karatuna ya ba ni aro bisa sharaɗin in mayar cikin mako uku. Turancina a lokacin ba wani mai ƙarfi ba ne, saboda haka da ƙamus a gefe nake karantawa, a hasken aci-bal-bal, kuma sai da na yi wata biyu kafin mai littafi ya aiko yaro ya karɓe abinsa.

Gaskiya ban fahimci rabin muhawarar da yake yi da manyan malaman jami'a ba, amma jigon maganar ya shige ni, wato cewa babu ceto sai ta wurin Yesu Almasihu, kuma addinin kakanninmu, duk da girmansa a idonmu, ba wata hanyar ceto ba ce ta dabam. Abin da ya sauya mini wa'azi kuwa ya zo ne daga baya, da na sami takardar da ya gabatar a babban taron bishara na birnin Lausanne, a ƙasar Switzerland, a 1974. A ciki ya kawo misalin ƙwayar mastad, ya ce tun da ba a noma ta a wurinmu, kada a musanya ta da wani hatsin gida, a bar kalmar yadda take a yi wa jama'a bayani. Ni kuwa shekara da shekaru ina cewa ƙwayar acca a kan bagade, jama'a suna jin daɗi, ina ganin na yi gwaninta. Ranar Lahadin da ta biyo na karanta mastad, na yi bayanin cewa iri ne ƙanƙani kamar acca wanda yake girma har tsuntsaye su sauka a rassansa, sai wata tsohuwa ta tare ni bayan sujada ta ce yanzu ne misalin ya zauna mata, domin ta daɗe tana mamakin yadda tsuntsu zai yi sheƙa a kan acca.

Malama a Zumuntar Mata, 'yar Kwoi:
Baba Rabaran, ina gaisuwa, labarin accan nan ya ba ni dariya ƙwarai. Ni a kabad ɗin mijina na tsinci littafin a farkon aurenmu, kuma abin da ya ja ni shi ne ganin sunan ƙabilarmu a ciki, domin ya yi dogon bayani kan addinin Jaba na gargajiya, har da sunan Nom da muke kiran Allah da shi. Mahaifina yana raye a lokacin, ya kuma yi zamani a harkar dodo kafin ya tuba, saboda haka da na je gida hutu na zauna ina juya masa waɗannan shafuka da harshenmu, yana ɓare citta yana saurare. Bai katse ni ba sai a wurin da marubucin ya nuna cewa mutanenmu sun san akwai Mahalicci amma ba su san hanyar zuwa wurinsa ba. Nan ya ajiye wuƙar, ya ce haka ne, sun san sunan Nom, amma tsoron ruhohi ne yake tashe su da dare, kuma ga ruhohin ne suke yanka kaji. Ya ƙara da cewa wanda ya rubuta wannan ya shiga dajin da suka shiga. Haka yake kuwa, domin an yi wa Kato al'adun shiga manyanta tun yana yaro, kafin ya ba da gaskiya yana ɗan shekara 12 a makarantar mishan ta SIM, mahaifinsa kuma bai karɓi abin da sauƙi ba.

Malamin jami'a, sashen nazarin addinai:
Mama da Baba, ina neman afuwa, domin tawa hanyar ta bambanta da taku. Ni malaman tauhidi John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Ibadan na fara karantawa, kuma su ne suka cire mini kunyar kakannina da na taso da ita, bayan an daɗe ana koya mana cewa duk abin da ya gabaci zuwan Turawan mishan duhu ne tsantsa. Da na zo kan Kato ina digiri na biyu, na tarar waɗannan mutum biyu ne ya fi yi wa raddi, yana ganin koyarwarsu tana buɗe ƙofa ga ra'ayin cewa kowa zai tsira ko ta wace hanya ya bi, sai raina ya ɓaci, na rufe littafin. Har yau ina ganin a wasu wurare ya tsananta wa Mbiti fiye da kima, kuma sukar da Kwame Bediako na Ghana ya yi masa a littafinsa na 1992 tana da abin dubawa.

Abin da ya mayar da ni gare shi abin takaici ne. Wani babban malaminmu ya duba kundina, ya ja jan biro a kan sunan Kato, ya ce in cire shi domin bakin Turawan Amurka ne kawai, tun da a Dallas ya yi digirinsa na uku. Ban iya yin musu ba a lokacin, amma abin ya tsaya mini a rai, na koma na karanta littafin daga farko har ƙarshe domin in ga ko haka ne. A babi na ƙarshe na iske shawarwari goma, cikinsu har da cewa a bayyana bangaskiyar Kirista cikin sigar Afirka ta gaskiya, a kuma horar da 'yan Afirka su san Littafi Mai Tsarki har cikin harsunansa na asali. Wanda yake neman haka ba ɗan amshin shata ba ne. Ya kamata kuma a tuna cewa littafin ya samo asali ne daga kundin digirinsa, ya fito a shekarar da ya rasu, bai sami damar amsa wa masu sukarsa ko gyara lafazinsa ba, alhali Mbiti ya rayu har 2019 yana ta rubutu.

Ɗalibin tauhidi, Jos:
Ina gaida iyayena duka. Mu kwafin inji muka samu, wanda ya sha hannu har wasu layukan sun shuɗe, kuma wajibi ne a aji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sanin cewa shekara biyu da 'yan watanni kawai ya yi yana Babban Sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, daga 1973, amma makarantun tauhidi masu zurfi da ya yi ta kira a kafa sun tabbata bayansa, ɗaya a Bangui ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya domin masu Faransanci, ɗaya a Nairobi domin masu Ingilishi. Wani ɗan ajinmu daga Chadi ya ce fastonsu a ta Bangui ya yi karatu.

Rabaran mai ritaya, Kafanchan:
Malam na jami'a, ba ka yi laifi ba, kuma na ji daɗi da ka faɗi inda kake ganin ya tsananta, domin mu da muka ƙaunace shi mun saba ɗaukarsa kamar ba ya kuskure. Sai dai ka yi la'akari da inda muke tsaye a lokacin: mutanen da nake yi wa baftisma da safe, da yamma 'yan'uwansu suna jan su zuwa wurin boka saboda yaro ya kwanta, kuma ba ni da wani littafin ɗan ƙasarmu da zan dogara da shi sai wannan. Malamin Lahadi, in za ka koya wa matasan, ka karanta musu labarin Mama da mahaifinta tukuna, sa'an nan ka gayyaci Malam ya zo ya yi musu bayanin Mbiti. Tsohon kwafina da na saya daga baya yana nan, bangon ya cire amma shafukan sun cika, ka turo wani ya karɓa kafin ranar 19.