Wai da gaske an rage wa haske gudu har ɗan acaɓa zai iya wuce shi?

Ɗan_Lebul_Tu:
Salam 'yan uwa. Don Allah masana fiziks a warware min wannan. Jiya a lacca malaminmu ya ce wata mata ta rage gudun haske ya koma mita 17 a sakan ɗaya, ni kuwa tun sakandare abin da aka haddasa mana shi ne gudun haske ba ya canzawa, wajen kilomita 300,000 a sakan. To yaya ke nan? Sanyi ne ya daskarar da shi ko me?

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam. Malaminku bai yi ƙarya ba. Lene Hau ce, 'yar Denmak, a Harvard ta yi shi ita da abokan aikinta a 1999, cikin gajimaren atam na sodiyam da aka sanyaya har ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na digiri sama da sifilin ƙarshe, wato iyakar sanyin da babu abin da zai fi shi. Shi 300,000 ɗin nan a sararin da babu komai ne, ko a ruwa ma haske na sauka zuwa wajen 225,000. Mita 17 kuwa kusan kilomita 61 ne a awa, ai ɗan acaɓa da ya ga fasinja zai bar shi a baya.

Anti_Lab:
Ƙanena, ba sanyin kaɗai ba ne fa. Leza biyu ake amfani da su. Da kan sa gajimaren nan hadiye hasken yake yi gaba ɗaya, amma idan aka haska masa leza ta biyu sai atam ɗin su kasa hadiyar ta farko a wani ɗan siririn zango na launi, kuma a daidai wannan zangon ne yadda gas ɗin ke karya haske yake canzawa sosai daga launi zuwa na kusa da shi, shi ke sa dunƙulen hasken, wato ɗan gajeren walƙiyar leza ta farko da aka harba, ya riƙa rarrafe. Dunƙulen da tsawonsa a waje ya kai ɗaruruwan mitoci sai ya takure ya koma ƙasa da milimita, ya shige cikin gajimaren ɗungurungum. A 1999 ɗin ma masanin fiziks Dmitry Budker da abokan aikinsa a jami'ar Berkeley sun samu mita 8 da tururin rubidiyam ba tare da wannan sanyin ba. Amfanin sanyin shi ne atam ɗin ba sa zirga-zirga su ɓata lissafi.

Ɗan_Lebul_Tu:
Na gode Anti, Allah ya ƙara ilimi. To da aka ce a 2001 ta tsayar da shi cak fa, ina ya je?

Anti_Lab:
Ta kashe leza ta biyun ne lokacin da dunƙulen ke ciki, sai siffarsa ta zauna a jikin atam ɗin, wajen kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Da ta sake kunnawa ya fito ya ci gaba da tafiyarsa. Ni dai kalmar "tsayarwa" ba ta kwanta min ba, ajiya ce aka ba atam. Gobe ka tambayi malamin naku bambancin gudun dunƙule da gudun igiyar hasken kanta, ka ji me zai ce.