Neman shawara: zan sayi babbar waya karon farko, wacce zan ɗauka?

Maman Ilham, Gyallesu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Da wayar ƙanena nake rubuto wannan, don ni har yau raka-ni-kashi nake riƙewa. Ɗinki nake yi a cikin gida, kuma abin ya fara damuna. Mace za ta ce ta turo samfuri a WhatsApp, sai na jira yaron nan ya dawo daga makaranta kafin in gani. Satin da ya wuce wata ta gaji da jira, ta kai atamfarta wani wuri. Yanzu na kwashi adashi, naira dubu 130 ke hannuna. Maƙwabciyata ta ce in sayi iPhone ta hannu, wai ta fi fitar da hoto. Ƙanena kuma ya ce sabuwar Tecno ko Infinix. Don Allah masu sani a ba ni shawara, wata goma na yi ina zubi.

Mai gyaran waya, PZ:
Wa alaikumus salam. Hajiya, sabuwa za ki saya, a cikin kwalinta, da rasit. Kuma kada ki shiga shago kina tambayar suna, ki tambayi abin da ke ciki. Tecno, Infinix da itel duk kamfani ɗaya ne ke yin su, Transsion, don haka musun da yara suke yi a kansu rabinsa na banza ne. Abin da nake so a wurinsu shi ne kayan gyara ba sa wuya, ko gilashi ya fashe a ranar za a canza miki.

Ki fara da RAM, shi ne ke sa waya ta yi sauri ko ta riƙa sandarewa. Kada ki yarda da ƙasa da 4GB. A nan ake yi wa mutane wayo: za ki ga kwali an rubuta 8GB da manyan baƙi, a ƙasa kuma an sa 4+4. Na gaskiyar 4 ne, ragowar aro aka yi daga ma'ajiyar wayar, kuma ba ya saurin na asali. Idan kin ga 2+2, ki ajiye ki yi gaba. Ma'ajiya kuma 64GB ne mafi ƙaranci, in kuɗi ya kai 128GB ya fi, domin hotunan ɗinki da bidiyon biki da za a riƙa turo miki ba kaɗan ba ne. Batir ya zama 5000mAh, kin dai san yadda wuta take a garin nan.

Ɗalibi, Samaru:
Aunty, duk abin da Oga ya faɗa haka ne. Ƙari na, in an ce miki wayar Android Go ce, to an yi ta ne don masu ƙaramin RAM, ba laifi ba ne amma ki san abin da kike saya. Kada kuma a ja ki da zancen 5G, 4G ya ishe ki. Ki leƙa Redmi da ƙananan Samsung ma kafin ki yanke, kuma bakin cajin ya zama Type-C.

Yayar marayu, Tudun Wada:
Ƙanwata, ni na ɗanɗana, ki ji tsoron ta hannu. Bara na sayi wata a wurin wani yaro, fes da ita kamar ba a taɓa ba. Kwana tara sai ta kulle kanta, rubutu ya cika fuskar wai a biya kuɗin wata. Ashe bashi aka ɗauko ta, irin na biya kaɗan-kaɗan ɗin nan. Na koma, aka ce yaron ya tafi Legas. Tana nan cikin durowa, jikana ke wasa da ita.

Mai kwalliya, Kongo:
Ni dai a bar ni da iPhone, hoto shi ne jarin tela.

Mai gyaran waya, PZ:
Ranki ya daɗe, ba a musu hotonta yana da kyau. Amma wacce dubu 130 za ta saya ta tsufa, batirinta ya sha wuya, ba ta ɗaukar memori, tsofaffin kuma layi ɗaya suke ci. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a iPhone 5s, 6 da 6 Plus, masu su da yawa sun zo mana suna tambaya. Hoto kuwa haske ne. Maman Ilham ta rataye rigar a tsakar gida da hantsi, bango mai tsabta a baya, ta goge idon kyamarar da gefen mayafi, za ki sha mamaki.

Af, na manta. Kafin ki miƙa kuɗi ki danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ki gwada ta da wadda ke jikin kwali. A rubuta ta a rasit, a kuma rubuta garanti. Ki rage kuɗin rigar waya da gilashin kariya, a liƙa miki tun a shagon.

Baba Malam, Ƙofar Doka:
'Yata, ni ban san RAM ba. Abin da na sani, kada ki yar da ƙaramar. Layin da banki ke turo miki saƙo ki bar shi a cikinta, a gida. Babbar kuma ba a fito da ita a kan babur ko cikin cunkoson kasuwar Sabon Gari. Sannan da hannunki za ki sa lambar sirri, kada yara su sani, in ba haka ba datar wata ɗaya a kwana uku za ta tafi.

Maman Ilham, Gyallesu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na ji, ƙaramar tana nan. Na sa ƙanena ya rubuta mini a takarda: 4GB na gaskiya, 5000mAh, rasit. Ranar Asabar za mu shigo PZ da Baban Ilham in sha Allahu. Saura tambaya ɗaya: shi imel ɗin da na ji ana cewa sai an buɗe wa sabuwar waya, mai shago zan bari ya buɗe mini?

Ɗalibi, Samaru:
A'a Aunty, ku buɗe Gmail ɗin a gida, da lambarki. Ki rubuta kalmar sirrin a littafin awon ɗinki, don ranar da aka wanke wayar, wato aka goge duk abin da ke cikinta, sai ta nemi kalmar kafin ta buɗe.