Pontiac Vibe: a saya ko a haƙura?

Malamin Asawase: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Wani maƙwabcinmu zai sayar da motarsa, Pontiac Vibe ƙirar 2006, otomatik, kuma abin da na tara ya kusa kaiwa. Surukina ya ce kada in kuskura, wai kamfanin ya mutu tuntuni, ranar da wani abu ya lalace sai dai in jingine ta a ƙofar gida. Ni dai abin kai yara makaranta nake so, in sallah ta zo kuma mu je Tamale da iyali. Waɗanda suka taɓa riƙe ta, don Allah ku faɗa mini tsakani da Allah.

Direban Tafo: Wa alaikumus salam. Malam saya kawai. Corolla ce aka sa wa rigar Amurka.

Hajiya Mai Atamfa: Tawa 2005 ce, da ita nake kwaso kaya daga kasuwar Kejetia a nan Kumasi. In ka kwantar da kujerun baya wuri yana buɗewa sosai, kuma ƙasan but ɗin roba ce mai tauri, ba kafet ba, ko manja ya zube tsumma da ruwan sabulu sun isa. Gilashin ƙofar baya ma yana buɗewa shi kaɗai, sai ka jefa ƙaramin kaya ba sai ka ɗaga ƙofar duka ba. Iyakar abin da zan ce ke nan, sauran na masu gyara ne.

Masta na Magazin: Malam, surukinka ya faɗi rabi ya bar rabi. Sunan Pontiac ne ya mutu, abin da ke cikin motar yana nan da ransa. Ka ɗaga bonet ka duba, injin 1ZZ ne mai 1.8, shi ne a Toyota Corolla da Toyota Matrix na waɗannan shekarun. Giyabos na Toyota ne, ƙafafu ma haka. Filogi, famfon ruwa, takalmin birki, bushin, shokozoba, babu layin da za ka shiga a Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota da kayan gyara, ka rasa. Mu in za mu aiki yaro ba ma cewa ya kawo na Vibe, na Corolla muke cewa. Taimin ɗinta kuma sarƙa ce ba bel ba, in kana juye baƙin mai a kan kari za ta daɗe ba ta dame ka ba.

Inda ake shan wuya jiki ne. Fitilar gaba, bamba, fenda, wutar baya, duk nata daban ne, na Matrix ba ya zama ko ka kai wa sitireta, wato mai gyaran jikin mota, mai hannu. Sai dai a jira wanda ya sauke kwantena, ko a yanka wadda ta yi haɗari. Sai kuma esi, shi kwamfiresansa na wajen GM ne, kamfanin da ke da Pontiac, kada wani ya sayar maka da na Corolla ya ce zai hau.

Direban Tafo: To ka ji daga bakin mai abu.

Ɗalibin Tek: Bari in ɗan ƙara a kan tarihin, Masta. Pontiac suna ne na kamfanin General Motors, wato GM, tun 1926. Sunan wani sarkin 'yan asalin Amurka ne da ya yaƙi Turawan Ingila a 1763, akwai ma gari mai wannan suna a jihar Michigan. A da motocin gudu aka san su da su, irin GTO ta 1964 da Firebird ta 1967. Da tattalin arzikin Amurka ya rushe a 2008, GM ya rasa yadda zai yi sai da gwamnati ta ɗauke shi, ya shiga kotun fatara a watan Yuni 2009. Aka ce ya rage sunaye, ya riƙe Chevrolet da Cadillac da Buick da GMC, ya zubar da Pontiac da Saturn da Hummer, ya sayar da Saab. Zuwa ƙarshen Oktoba 2010 an rufe harkar Pontiac gaba ɗaya.

Ita Vibe a garin Fremont na Kalifoniya ake haɗa ta, a wata masana'anta mai suna NUMMI da GM da Toyota suka kafa tare a 1984. Shi ya sa cikinta na Toyota ne. Ƙanwarta Matrix a Kanada ake yin ta. An daina Vibe a watan Agusta 2009, masana'antar kuma Tesla ce ta saye ta a 2010.

Kawun Yalwa: Allah ya yi maka albarka yaro. Kuɗin makaranta bai tafi a banza ba.

Alhajin Aboabo: Ku bari in yi magana, don ni na ɗanɗana, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Duk abin da Masta ya faɗa gaskiya ne, amma akwai abin da ba a faɗa ba.

Wani dillali ne ya kawo mini tawa daga tashar jirgin ruwa ta Tema, ƙirar 2009, mai babban inji 2.4. Ya rantse mini wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai coci. Fenti yana ƙyalli, kujeru tsaf, ciki yana ƙamshi. Ba a jima ba na fara jin ƙara a baya duk sanda na faɗa rami, to kun san hanyoyin unguwarmu. Da fitana, wato makanikena, ya hau da ita ramin duba ƙasan mota ya haska fitila, sai ya kira ni ya ce Alhaji sauko ka gani da idonka. Wallahi ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya tsatsa ta cinye shi, yana taɓawa da sukudireba yana zubowa. An shafe wurin da baƙin fenti mai kauri don a rufe. Bututun birki ma ya kumbura da tsatsa. Fitan ya ce motar daga garuruwan ƙanƙara ta fito, inda suke watsa gishiri a titi lokacin sanyi, shi ke cin ƙarfe ta ƙasa alhali sama yana sheƙi. Da wannan motar na yi ta ɗaukar jikokina zuwa Islamiyya. Ku duba fa.

Muka yi walda, muka canza abin da za a canza. Sai injin ya fara nasa. Baƙin mai yana raguwa, ba ɗiga yake ba, ba kuma wani hayaƙin kirki a salansa, amma in ka zaro sanda sai ka ga ya sauka. Na je Techiman na dawo, sai da na ƙara mai a hanya. Daga baya aka ce mini an san wannan injin na 2.4 da shan mai ta wajen ringi. Sai da aka sauke shi.

Ana cikin haka wani mai pragya, keken haya mai ƙafa uku, ya goge mini gaba a Aboabo Station. Fitila ɗaya da bamba. Na zaga Magazin, na aika Accra, na 2009 babu, sai na tsohon zubi. Saboda wannan zubin na biyu ba a daɗe ana yinsa ba kamfanin ya rufe, kayansa ba su da yawa a duniyar ma. Motar ta yi zaman da ta yi a gida, ina hawa tasi ina da mota. Da na koma wa dillalin sai ya ce shi ma haka aka aiko masa. Na bar shi da Allah.

Don haka Malam, ni ba zan ce maka kada ka saya ba. Amma kada ka ba da ko sidi ɗaya sai ka sauka rami da ƙafarka ka ga cikinta ta ƙasa.

Hajiya Mai Atamfa: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Alhaji. Allah ya tsare yaran nan.

Masta na Magazin: Amin. Alhaji, wannan injin 2AZ ke nan, na Camry. Akwai masu lafiya, amma da yawa suna shan mai, gaskiya ne. Ta Malam 2006 ce, babu 2.4 a zubin nan, kuma kayan jikinta sun fi samuwa. Maganar rami kuwa, na sa hannu.

Ɗan Nima: Alhaji wa ka aika Accra? Don in Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, aka shiga da gaske, babu fitilar da za a rasa. Ku mutanen Kumasi kun ɗauka a Suame duniya ta ƙare.

Direban Tafo: Kai Ɗan Nima, a Abossey Okai sayarwa kawai kuka iya. A Magazin in babu abu ƙera shi ake yi. Daga Burkina da Mali ake kawo mana manyan motoci gyara.

Ɗan Nima: To me ya hana ku ƙera wa Alhaji fitila?

Direban Tafo: Da ƙarfe ce da an yi.

Ɗan Nima: Kuma duk kwantenar da kuke jira ta Tema take bi, sai mun zaɓa mu bar muku saura.

Sarkin Zaure: Ku bar wannan, bawan Allah yana jiran amsa.

Mai Wayarin na Alaba: Malam, ga nawa ɓangaren. Motocin 2005 zuwa 2008 masu injin 1.8, Corolla da Matrix da Vibe, an yi kiran a mayar da su don gyara a Amurka a 2010 saboda ƙwaƙwalwar injin. Dalmar da ke cikin allon tana tsagewa, sai mota ta mutu tana tafiya, ko ta ƙi tashi, ko giya ta riƙa shiga da duka. Wasu an canza musu kafin a turo su nan, wasu ba a canza ba. Ka tambayi maƙwabcin naka ko ta taɓa mutuwa haka kawai a hanya, ka sa a jona mata kwamfuta a gani. Ka kuma lura ko fitilar cek injin tana kamawa in an murɗa makulli kafin a tayar, don akwai masu cire ƙwan gaba ɗaya.

Mitar tafiyarta ma kada ka dogara da ita. Na wannan zubin in ta kai 299,999 tsayawa take, ba ta ƙara ko ɗaya. Kuma masu mayar da ita baya suna nan. Lambar shasi ta Vibe da 5Y2 take farawa, ka gwada wadda ke gindin gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta takarda, su zo ɗaya. Da lambar za a iya dubawa a intanet ko an canza mata jakar iska, don tana cikin motocin da matsalar jakar iska ta kamfanin Takata ta shafa.

Malamin Asawase: Na gode ƙwarai. Lambar motar tana ƙarewa da 13, shi ne na ɗan rikice da ya ce mini 2006 ce.

Direban Tafo: Wannan shekarar da aka yi mata rajista ce a Ghana, ba shekarar da aka ƙera ta ba. Ba matsala. Sai dai ku je DVLA, ofishin rajistar motoci, tare a juya suna, kada ka yarda da "ka riƙe takardun kawai".

Kawun Yalwa: Ni abin da ke ba ni mamaki, yaran yanzu suna jin tsoron mota don sunanta ya mutu. Mu da muka yi tasi da Datsun 120Y, kamfanin ya cire sunan ya koma Nissan muna kan tuƙa ta, ba abin da ya same mu. Mota ce da in ta tsaya, sifana da fulaya sun isa ka tashe ta a bakin hanya. Daga Kejetia zuwa Mampong, hawan dutsen nan, cike da mutane da buhunan doya, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Yanzu komai sai an jona kwamfuta.

Ɗalibin Tek: Kawu, sun ma dawo da sunan Datsun a 2013, suka sake rufe shi a 2022.

Kawun Yalwa: Waccan ba Datsun ba ce. Ban taɓa ganinta ba kuma ban yarda da ita ba.

Direban Tafo: Kawu ka manta da Tico. Daewoo da ya ƙera ta ma ya mutu, amma Tico ta ciyar da gidaje a garin nan.

Hajiya Mai Atamfa: Kada ka tuna mini da Tico. Mu huɗu aka cusa a baya ranar wani biki a Sabon Zongo, da gwagwaro da komai, da muka sauka sai da aka sake ɗaura wa kowa kallabi.

Ɗan Nima: Hajiya ai laifin gwagwaron ne, ba na Tico ba.

Masta na Magazin: Tico Suzuki Alto ce aka canza wa suna, silinda uku, inji 0.8. Da kayan Suzuki muka riƙe ta bayan Daewoo ya faɗi. Amma jikinta ba kauri, ni ban taɓa son a ɗauki yara a ciki ba.

Alhajin Aboabo: Ni dai ina nan a kan maganar rami. Kuma Malam, ka je da sassafe kafin ya tayar da ita, ka ji muryar injin yana sanyi.

Ɗan Nima: Tunda an zo nan, wa ya san inda zan samu kafireton Tico mai kyau? Ta ƙanin babana ce, tana ajiye a Madina.

Direban Tafo: Ashe Abossey Okai ba ta da komai.

Ɗan Nima: Na tsofaffin kaya ai ku ne gaba, wannan ban musa ba.

Masta na Magazin: Turo mini hoton na jikin motar tukuna, akwai wani dattijo a layinmu da yake tara su. In akwai, sai a ba direban bas ɗin VIP ya sauke maka a Circle.

Kawun Yalwa: In ka je wurin dattijon nan ka tambayar mini ko yana da sitiyarin 120Y.