Wane jirgi ne zai iya tashi a duniyar Twilight: 2000?

Sagir_Zariya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni nake jagorantar wasan Twilight: 2000 a tsakanin abokaina, wato wasan tebur da kowa ke taka rawar wani mutum a cikin labari, da kamfanin GDW ya fitar a 1984, wanda labarinsa ke gudana a ƙasar Folan bayan yaƙin nukiliya ya durƙusar da masana'antu da matatun mai. 'Yan wasana sun ƙwace wani tsohon filin jirgi kusa da garin Kalisz, kuma sun nace sai na ba su jirgin yaƙi. Wane jirgi ne hankali zai yarda yana tashi a irin wannan hali, kuma da me abokan gaba za su kare samaniyarsu?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Malam Sagir. Ka cire jiragen yaƙi irin F-16 da MiG-29 daga lissafi, domin kowane tashinsu yana buƙatar tan-tan na mai, da ƙwararrun makanikai, da kayan gyaran da aka daina ƙerawa. Shawarata ita ce An-2, jirgin nan mai fukafukai hawa biyu da aka ƙera dubbansa a garin Mielec na Folan ɗin. Injinsa na fistin ne mai ƙarfin doki 1,000, yana ɗaukar mutum 12, yana kuma tashi daga filin ciyawa cikin tazarar da ba ta wuce mita 200 ba. Ba jirgin yaƙi ba ne, amma a ƙasar da kowa ke tafiya bisa doki ko keken shanu, wanda ya iya leƙen sansanin maƙiyi daga sama ya riga ya yi musu nisa.

Hauwa_Maradi:
Game da kariya kuwa, kada ka cika wa maƙiyan hannu da makamai masu linzami. Stinger, makami mai linzami da ake harba wa jirgi daga kafaɗa, ba ya aiki sai da ɗan ƙunshin batir da iskar argon mai sanyaya idonsa mai bin zafin jirgi, wanda ke ƙarewa cikin kimanin daƙiƙa 45 da kunnawa, kuma ba abu ne da maƙeri zai haɗa a ƙauye ba. Abin da zai daɗe shi ne ZU-23-2, bindiga mai baki biyu da ake ja da mota, wadda ba ta neman lantarki ko na'urar rada, kuma harsashinta yana cin jirgi a nisan kilomita 2.5. An-2 ba shi da gudu, saboda haka bindigar guda ɗaya a bakin gada ta isa ta tilasta wa 'yan wasanka tashin dare.

Sagir_Zariya:
Na gode, Malam Habu da Malama Hauwa. Zan ba su An-2 da fetur ɗin jirgi ganga huɗu kacal, tunda barasar da suke tacewa don motocinsu ba ta kai fetur ƙarfi ba. Zan kuma girke bindigar a gadar kogin Warta, a hanyar da dole su bi.